Tambayoyi Takwas da Aka Yi wa Yayana a Kano

Tun da muka dawo, duk wanda ya zauna a fadarmu ta bakin kasuwar bisashe sai ya ce, "Rabe, yaya Kano? Yaya aikin Lawali?" Na gaji da cewa alhamdulillahi alhali maganar ba nan ta tsaya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta ta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Na nemi izinin mai ciwon, ya ce in rubuta, amma kada in gyara komi.

Ga halin da muka bar Dakoro da shi. Yaya Lawali ya girme ni da shekara tara, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsakanin lisha da asuba yana tashi kama ruwa sau shida, wani lokaci bakwai. In ya tsuguna sai ya yi ta yunƙuri kafin abin ya zo, ya zo siriri kamar zare, ya yanke, ya sake zuwa. Juma'a goma sha ɗaya a jere bai je masallaci ba, don ba ya iya riƙewa daga huɗuba zuwa sallama. Kasuwar Kornaka da ta Birnin Lalle, da ya fi shekara talatin yana ci, ya bar su. Abu ɗaya muka tafi nema: a buɗe masa hanya ya yi bawali kamar kowa.

A likitar Dakoro, wato asibitinmu, aka fara ce mana furostat ce, wato wani nama da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda kan kumbura in namiji ya manyanta har ya shaƙe hanyar fitsari. A Maradi aka yi masa eko, wato hoton ciki, aka tabbatar, aka ce in an zo aiki sai an tsaga mara. Yaya ya ce shi wuƙa ba za ta taɓa cikinsa ba. Sai na tuna Alhaji Nasiru, maigidana na Kano da nake kai wa raguna, ya taɓa ce mini a can akwai masu yin aikin da inji, ta hanyar fitsarin, ba yanka. Na kira shi, ya ce mu taho.

Ni dillali ne. Da jan igiyar awakin mutane na fara, yau ina loda tirela. Rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, ina da furfura. Duk abin da na sani a duniya, a kasuwa na san shi. Yaya kuwa mutumin gona da garke ne, ba ya son yawan magana. In muna tare ni ne bakinsa.

Mun tashi bayan asuba a ƙaramar bas ta Maradi. Na kama wa Yaya kujerar bakin ƙofa. Kafin Kornaka mun tsaya sau biyu. A ta uku direban ya juyo ya ce, "Tsoho, randa ka shanye da sahe?" Mota ta kwashe da dariya. Yaya ya ɗauki butarsa ya sauka. Wata tsohuwa a baya, mai ɗauke da ƙunshin cuku, ta ce, "Kai direba, Allah ya ba ka yawan rai, ka gani a jikinka." Ba wanda ya sake dariya. Amma daga nan Yaya ya daina shan ruwa a hanya. Na lura, ban hana shi ba, don ni ma tsaye-tsayen sun ishe ni.

Mun kwana Maradi gidan ɗan ƙanwar uwarmu. A nan na yi canji, sefar da ke kwance a aljihun ƙirjina ta koma naira cike da leda, har na rasa inda zan sa ta. A nan kuma na samo wa Yaya gorar roba mai faɗin baki, na ce ya ɓoye ta cikin riga saboda hanya.

Iyaka ba kamar da ba ce. Da can ina wucewa ne da gaisuwa. Yanzu daga Dan Isa sai sauka da hawa, a duba kati, a duba jaka, a yi gaba kaɗan a sake sauka. A wani shinge na ɓangaren Najeriya, wani mai kaki yana laluben Yaya ya ji abu mai tauri a ƙarƙashin riga. Ya ja da baya ya daka tsawa, "Mene ne wannan? Fito da shi!" Yaya ya tsaya kamar itace. Na ce, "Ranka ya daɗe, mara lafiya ne." Ya ce a fito da shi. Yaya ya zaro gorar a gaban fasinja duka, maza da mata, kuma ba wofi take ba. Mai kakin ya kalle ta, ya kalli furfurar Yaya, ya kau da kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Ku wuce." Har Jibiya Yaya bai ɗaga ido ba.

A Jibiya muka sake mota. Kafin mu tashi direban ya ce, "Jama'a, daga nan har Katsina ba tsayawa, ko taya ce ta fashe. Mai jin fitsari ya yi yanzu." Kowa ya san dalili. Hanya ce da ƴan bindiga ke fitowa. Ban taɓa shiga motar haya da ta yi shiru haka ba, sai tasbihi ke motsi. Sau biyu na buɗe babbar rigata na kare Yaya ya yi amfani da gorar.

Kano ta karɓe mu da hayaƙi da ƙarar janareta. Alhaji Nasiru ya ba mu ɗaki a zauren gidansa, da fanka da katifa biyu, ga makewayi kusa da ƙofa, abin da ya fi faranta wa Yaya rai ke nan. Mutanen kirki ne, amma abincinsu ya ba mu wuya. Shinkafa da safe, shinkafa da rana. Na ce a nemo wa Yaya hura, aka kawo wata a kwalba, an markaɗa ta da inji, ga sanyi ga sukari. Ya kurɓa ya ce, "Wagga ba hura ba ce, alewa ce." Shayinsu kuwa a ƙaton kofi ake zubawa da madara, mutum ya shanye a tsaye ya tafi. Ba gawayi, ba jiran na biyu da na uku, ba hira. Kuma a Kano duk wanda ya fito daga Nijar Buzu ne, ko da kakansa Bakatsine ne.

Da safen da za mu asibiti, muna cikin adaidaita sahu, na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Alhaji ya riga ya faɗa mini cewa kafin a ga likita sai an yi wa mutum tambayoyi a takarda, a auna yadda ciwon ya dame shi. Asibitin na kuɗi ne. Ni kuwa na san abu ɗaya tun ina yaro. Wanda ya shigo kasuwa da saniya yana cewa matarsa na naƙuda, a wulaƙance za a saye ta. Mai saye ma in ya bari aka ga idonsa ya kama sa, an ɗora masa ke nan. Na ce a raina wannan takarda ba komi ba ce sai awon matsuwa, su ga iyakar inda ka matsu sannan su yanka maka farashi.

Na ce, "Yaya, in sun tambaye ka, kada ka nuna ka matsu."

Ya ce, "Ƙarya zan yi?"

"Ba ƙarya ba, ragi. In shida ne ka ce biyu. Mutanen birni ne, in sun ga ba ka da mafita za su tsawwala muna."

Ya ce, "Kai ka san su."

A bencin jira muka haɗu da Malam Ado, Bakano, tsohon malamin makaranta, mai baki kamar reza. Ya ji Hausarmu ya ce, "A'a, Buzaye an zo! Ina aka ɗaure raƙumin?" Na ce yana waje yana cin fulawar asibiti. Ya yi dariya ya matsa mana. Shi ma furostat ce ta kawo shi. Ya duƙo ya ce wa Yaya, "Malam, in kun shiga wurin yarinyar nan mai takarda, ka faɗa mata komai. Kada ka ji kunya. Ni har ƙari na yi." Na kalli Yaya na ƙifta masa ido. A kasuwarmu mun san irinsu, masu zama kusa da baƙo su zuga shi, da yamma su karɓi kamashonsu. Haka na ɗauke shi, Allah ya yafe mini.

Mai takardar sunanta Malama Hadiza, ba ta kai babbar ɗiyar Yaya shekaru ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce tambayoyi takwas ne, bakwai a kan fitsarin, ɗaya a kan rayuwa. Kowace daga bakwai ɗin tana da maki daga sifiri zuwa biyar. Ta ce za a sake yi masa su bayan magani, don a gane ko an taimake shi.

"Baba, a watan nan da ya wuce, sau nawa ka gama fitsari ka ji kamar da saura?"

Yaya ya kalli ƙasa. "Kaɗan-kaɗan."

"Yana yankewa ya dawo?"

"Wani bi."

"Sai ka yi yunƙuri kafin ya fito?"

Na ce, "Ba sosai ba."

Ta ce, "Alhaji, shi nake tambaya." Yaya ya ce ba sosai ba.

"Da dare sau nawa kake tashi?"

Ya ɗaga yatsa biyu.

Ban sha wuyar shawo kansa ba, don kunya tana taya ni aiki. Dattijon da bai taɓa ambatar fitsari a gaban matarsa ba, ga shi gaban ɗiyar cikinsa. Da ta zo ta takwas ta ajiye biro ta ce, "Baba, da a ce haka za ka ƙare sauran rayuwarka, da fitsarin nan yadda yake yau, yaya za ka ji? Daga sifiri, wato murna ƙwarai, zuwa shida, wato ba za ka iya jurewa ba."

Ya ce, "Mun gode Allah."

"Dukkanmu mun gode masa, Baba. Amma wace lamba?"

Ya juyo ya kalle ni. Na ɗan ɗaga yatsa ɗaya a kan gwiwata. Ya ce, "Ɗaya."

Likitan, wani dogo mai tabarau, ya duba Yaya a bayan labule, ya sa aka yi masa hoto da awon jini. Ya ce ƙoda lafiya lau, naman kuwa ya girma, kuma akwai fitsarin da ke saura a mafitsara. Ya kalli takardar Malama Hadiza ya ce, "Bakwai cikin talatin da biyar. Ikon Allah. Wani namansa bai kai wannan ba amma ba ya barci. Baba, tunda bai dame ka ba, ba za mu yi gaggawar taɓa ka ba." Ya rubuta ƙwaya, ya ce mu dawo bayan wata uku.

Ba zan ɓoye muku ba, na fito ina jin na ci kasuwa. Na ce ga shi mun zo da shirin aiki mun tashi da ƙwaya. Har kwana uku na ƙara a Kano ina sayen atamfa da takalma, don kada tafiya ta tashi a banza. Yaya ya ce mini sau ɗaya, "Rabe, ba aiki munka zo ba?" Na ce likita ya fi mu sani.

A dawowa motar Jibiya ta cika maƙil, aka sa Yaya tsakanin mata biyu, ni ina gaba da kayana. Ba halin gora. Ga shi an tsayar da mu a bakin garin Katsina fiye da awa biyu ana jiran motoci su taru a tafi tare, ba a bari kowa ya sauka. Yaya ya riƙe. Da muka iso ya sauka da ƙyar ya zaga bayan wani kango. Na jira, na jira, na bi shi. Na same shi tsugune, goshinsa a jikin bango, zufa na ɗiga daga gemunsa.

Ya ce, "Ya ƙi."

Daga azahar har la'asar ko ɗigo. Mararsa ta taso ta yi tauri kamar tulu. Mutumin da na ga sa ya taka masa ƙafa bai ce uffan ba, ga shi yana birgima a ƙasa yana kiran uwarmu da ta rasu shekara ashirin. Wani ɗan tasha ya nuna mana shagon mai sayar da magani, irin wanda suke ce wa kemis, ya ce yana sa robar fitar da fitsari. Na san ba likita ba ne. Na gani a hannunsa. Amma Yaya na ihu, na ce a yi. Ya tura robar ta ƙi, ya sake turawa da ƙarfi. Jini ne ya fito, ba fitsari ba. Mutumin ya tsorata ya ce mu kwashe shi.

Na bar atamfar da takalman a tasha, ban sake ganinsu ba. Na yi shatar mota muka koma ta hanyar nan da ba a tsayawa, kan Yaya a cinyata. A wani asibiti a Katsina suka ce hanyar ta ji rauni, ba za a bi ta nan ba. Suka huda marar suka sa roba ta ciki. Wuƙar da ya gudo daga Maradi saboda ita, ga ta ta same shi. Abin da ya fito ya cika kwano biyu. Yaya ya yi ajiyar zuciya ya yi barci nan take.

Bayan kwana biyu muka koma Kano, Yaya na riƙe da jakar fitsari a cikin leda. Likitan ya ɗauko fayil ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wannan takarda da wannan mutum ba su san juna ba. Wa ya amsa ta?"

Na ce ni na koya masa. Na faɗi dalilina duka, ban rage ba.

Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya nuna wata takarda manne a bango ya ce, "Ga kuɗin aiki can, ɗaya ne ga kowa." Da Turanci aka rubuta ta, na zauna a ƙarƙashinta rabin yini ban sani ba. Ya ce, "Alhaji, girman nama ina ganinsa a hoto. Wahalar mutum ba na ganinta, sai ya faɗa. Ba ni da wani ma'auni da ya wuce bakinsa. Da ya faɗi gaskiya, da ban bar shi ya hau wannan hanya haka ba."

Na ce, "To yanzu me na ɓata?"

Ya ce, "Mafitsarar ta gaji tun da daɗewa, wannan ba kai ba ne. Raunin hanyar kuwa, da bai faru ba."

Aka kira Malama Hadiza ta sake tambayoyin, a kan yadda yake kafin robar. Ta ce in fita. Yaya ya ce, "Bar shi ya zamna ya ji."

Na zauna na ji. Gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakaninmu, amma ban san cewa wata huɗu a zaune yake barci ba, jingine da bango, don kwanciya da tashi sun fi wuya. Ban san shi ke wanke wandunansa da kansa a gona ya shanya a kan geza, don kada matarsa ta gani. Ban san ya daina ɗaukar jikokinsa ba saboda wari. Yana faɗa a hankali, ba ya kallon kowa, ita tana rubutawa. Talatin da ɗaya ta tara. Da ta zo ta takwas bai jira ta ƙarasa ba.

Ya ce, "Ɗiyata, na roƙi Allah ya ɗauke ni kahin azumi. Wace lamba ce wannan?"

Ta rubuta shida.

Sai da muka yi mako uku a zauren Alhaji Nasiru kafin raunin ya warke a yi aikin. Matar Alhaji ta gane halinmu, ta sa aka nemo gero ana dama wa Yaya hura ta gaskiya a ƙwarya. Ni kuwa na koyi zubar da jaka da wanke bakin roba. Yaya na ce mini sannu, ina ce masa sannu, hirarmu ke nan.

A ɗakin jinya muka tarar da Malam Ado a gadon kusa, an riga an yi masa nasa. Ya ce, "Buzaye, ku da aka sallama da ƙwaya?" Na ba shi labari, har da yadda na ɗauke shi ɗan kamasho. Ya yi dariya har ya riƙe mara, sannan ya daina, ya ce, "Kai Alhaji, ka yi ciniki da abin da ba na sayarwa ba." Abin da ya ba ni mamaki a ɗakin nan, Kanawa na hirar fitsarinsu a fili, wannan ya ce nasa ya kai bango, wancan ya ce nasa da sauran ja. A wurinmu mutum ya mutu da abin a cikinsa ya fi masa sauƙi. Da farko na ga rashin kunya ne. Daga baya na ga su suna tashi suna tafiya gida. Malam Ado ya tafi a bushe, fitsari ba ya zubo masa, yana yi mana ba'a har bakin ƙofa.

Aikin Yaya ya yi, da inji, kamar yadda ya so tun farko. Ranar da aka cire roba ya shiga makewayi, na tsaya a waje. Na ji ƙarar ruwa a kan siminti, irin wadda ban ji daga gare shi ba shekara da shekaru. Ya fito yana murmushi. Murmushin bai kai gado ba. Yana zama ya yi tari, gaban wandonsa ya jiƙe. In ya miƙe yana zuba, in ya duƙa ruku'u yana zuba. Likita ya ce ga wasu yakan tsaya bayan watanni, ga wasu ba ya tsayawa, kuma bai san ko Yaya na cikin waɗanne ba. Ya koya masa yadda zai riƙa matse wurin yana saki. Ya ce tabon raunin yana iya tsukewa, in ƙarfin fitsarin ya ragu mu dawo da sauri.

Kafin a sallame mu Malama Hadiza ta zo da takarda ta uku. Yankewa babu, yunƙuri babu, tashin dare sau ɗaya. Tara ta tara. Ta ce, "Baba, daga talatin da ɗaya zuwa tara. An ci nasara."

Yaya ya ce, "Takardarki ba ta tambayi tsarki ba."

"Tsarki, Baba?"

"Alwala. Tufa. In yi kabbara ban san ko zan kai sallama da tsarki ba. Ina gurbin wannan?"

Ta duba takardar gaba da baya ta ce babu gurbinsa, amma za ta rubuta a gefe. Ta rubuta. Ta ce ta takwas ba za ta yi masa ita yanzu ba, jiki bai zauna ba, sai bayan wata uku za ta kira. Yaya ba ya riƙe waya, lambata aka rubuta.

Mun dawo da ƙaton ƙunshin kunzugun manya, irin wanda ake sayarwa a farmasi. A shingen iyaka aka tambayi na wane ne. Na ce hajata ce, sayarwa nake. Yaya ya kalle ni.

Wata uku cif Malama Hadiza ta kira, ranar kasuwa, ina tsakiyar cinikin wani bijimi. Na bar cinikin na hau kabu-kabu na kai masa wayar har gida. Ya karɓa ya ce, "Ɗiyata, kina lahiya?" Sannan ya miƙe ya shiga ɗaka ya ja ƙofa. Na tsaya a tsakar gida tare da awaki. Ya daɗe. Da ya fito ya miƙo mini wayar ya ce na gode, ya tambaye ni ko bijimin ya sayu.

To ga lissafin, ga masu tambaya. Yaya yana barci a kwance. Yana tashi sau ɗaya. Ya shiga mota zuwa Kornaka bai tsayar da kowa ba. Wannan riba ce, ba na raina ta. A ɗaya gefen, yana da huda a mara da tabo a hanya wanda kullum muke sauraron ranar da zai tsuke. Zubar ta ragu, ba ta tsaya ba. Malamai sun ce masa sallarsa ta yi, lalura ce, ya kuma koma Juma'a, amma a ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da ƙofa, kuma in liman bai zo ba a masallacin unguwa aka ce dattijo ya shige gaba, sai ya girgiza kai. Nawa ne na ciwon, nawa ne nawa, na kasa rabawa, likita ma bai raba mini duka ba.

Lambar da ya ba ta a bayan ƙofar nan, daga sifiri zuwa shida, ban san ta ba. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Mai son sani ga gidansa nan, ya je ya tambaye shi da kansa. Ni na daina amsawa a madadinsa.